Jiran Tabo

Shekara goma sha tara ina awo a kasuwar Gujungu.
Hannuna ya san tiya, ya san rabinta,
ya san gero mai danshi da wanda rana ta gama da shi.
Amma ran da ungozoma ta miƙo min Hurera
a cikin tsohon zanen uwarta,
sai hannun ya rikice.
Na ɗauka zanen kaɗai aka ba ni.

A asibitin Taura aka ɗora ta a sikeli.
Tsinken ya ɗan motsa, ya tsaya
kamar mai jin nauyin faɗin gaskiya.
Kilo ɗaya da giram ɗari bakwai.
Tiyar gero ta fi 'yata nauyi.

Barira ta ɗaure ta a ƙirji, fata da fata,
dare da rana,
yadda ake ɓoye kuɗin adashi.

Ranar allura na tare bakin ƙofa.
Na ce, Malama Atine, a ina za ki soka?
Damtsen nan bai kai babban yatsana ba.
Ku bari ta yi ƙwari.
Ta ce, Malam Tasi'u, cuta ba ta jiran kowa ya yi ƙwari.
In za ka aiki yaronka sayen wake,
ba ka zuba masa samfur a tafin hannu,
ka ce ga mai ƙwaro, in ka gan shi kar ka karɓa?
To wannan samfur ne.
Jini zai gani, ya riƙe kamanni.

Na ce, jinin da bai cika kofin shayi biyu ba,
a ina zai ajiye abin da ya gani?

Ba ta yi dariya ba.
Ta rufe akwatin ƙanƙara tukuna,
sannan ta ce, ƙaramin jiki yakan yi jinkirin amsawa,
shi ya sa ba a tsallake ko ɗaya.
Ta rubuta ranaku a kati,
ta ce in jira tabo a hannun hagu.

Na jira.
Kowane dare in na dawo, kafin in wanke ƙafa,
sai in haska tocila a damtsen.
Sumul.
Ɗan Basiru da aka haifa sati ɗaya da ita
tuni nasa ya fito, ya fashe, ya bushe.
Goggo Tamadi ta ce ai ruwa suka ɗura mata,
wa zai ɓata magani a kan 'yar tsako?
Ban tanka ba. Tuwon ne dai ya ƙi wucewa.

Sati shida aka soki cinya.
Daren nan jikinta ya yi zafi kamar kaskon suya,
ta yi kuka,
kuka na gaske, irin mai tada maƙwabta,
na farko da aka jiyo daga zaure.
Barira na hawaye, tana goga mata jiƙaƙƙen tsumma.
Ni kuwa, Allah ya yafe min,
wani sashe na zuciyata murna yake:
akwai mutum a gidan nan,
an ƙwanƙwasa, ya amsa.

Sai ranar wata Lahadi da asuba,
ina ɗaure buhu a bayan babur,
Barira ta kira ni da muryar da ban san ta da ita ba.
Ƙurji ne, bai fi ƙwayar dawa ba,
ja, a tsaye,
daidai inda Atine ta nuna.

Ban faɗa wa kowa ba a kasuwa.
Duk wanda ya zo awo dai
ya tafi da gyaran da bai roƙa ba,
har Sale mai buhu ya ce ko na samu gado.

Atine ta duba, ta gyaɗa kai,
ta ce tabo ba shi ne ƙarshen magana ba,
akwai saura, har ta ƙyanda a wata tara.
Katin yana cikin leda, ƙarƙashin littafin bashi.
Shi kaɗai ne bashin da nake zuwa biya
tun kafin ranar ta zo.